Garin Amla daga Indiya da Kukar da ke Bayan Gidanmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wani baƙon ɗan itace da ya shigo mana kasuwa da sunan magani, da kuma 'ya'yan itatuwan da muka gada kaka da kakanni, waɗanda muke neman mu raina.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya sami yayata, wadda ta daɗe tana fama da ciwon suga. Wata mata mai tallar kaya ta WhatsApp ta sayar mata da wani gari a cikin ƙaramar roba, a kan kuɗin da zai sayi tiya da yawa ta gero, ta ce mata sunansa amla, daga Indiya ake kawo shi, kuma yana kawar da suga da hawan jini da basir da furfura da raunin gani. Yayata ta ajiye ƙwayoyin da likita ya ɗora ta a kai, ta koma shan garin safe da yamma ba tare da ta gaya wa kowa ba. Ba a rufa mako uku ba ƙishirwa ta dame ta, fitsari ya hana ta barci, ganinta ya fara dishi-dishi, sai da muka kwana biyu a asibiti kafin sugan ya sauka. Na shekara talatin ina koyar da ilimin tsirrai da aikin gona a makarantar sakandare, saboda haka na ji kunyar a ce wannan ya faru a gidanmu ban ankara ba. Na karɓi robar na ajiye, na koma karatu a kan abin da ke cikinta.

Amla bishiya ce ta gaske, kuma ba ta da laifi a wannan labari. Tana fitowa a Indiya da ƙasashen da ke kewaye da ita, ganyenta ƙanana ne a jere kamar na tsamiya, 'ya'yanta kuwa kore-kore ne masu ɗan haske, girmansu bai kai na lemun tsami ba, da ƙwallo ɗaya mai tauri a tsakiya. Wanda ya ciza zai ji tsami da bauri sun kama masa baki, amma idan ya kurɓi ruwa a bayansa sai ya ji ruwan ya yi zaƙi. Turawa suna kiranta guzberi ta Indiya, domin ta yi musu kama da wani ɗan itace na ƙasashensu masu sanyi mai wannan suna, alhali babu dangantaka tsakanin su biyun. Akwai ma na uku da ake kira guzberi, wanda asalinsa Kudancin Amurka ne, yana zuwa a lulluɓe cikin ɓawo kamar takarda, shi kuwa ɗan uwan tumatir ne da gauta. Don haka mai sayarwar da ta kwafo "amfanin guzberi" daga intanet ta watsa wa mata, mai yiwuwa ne ta haɗa bayanin tsirrai uku ta ɗora wa roba ɗaya.

A maganin gargajiyar Indiya, wanda suke kira Ayurbeda, amla tana da babban matsayi tun fiye da shekara dubu da ɗari biyar da suka wuce. Masanansu sun kasa ɗanɗano gida shida, suka ce amla ta tara biyar, gishiri kaɗai ta rasa. Ita ce ɗaya daga cikin 'ya'yan itace uku da ake busarwa a daka tare a yi haɗin da suke kira tirifala, wanda ma'anarsa ke nan, 'ya'yan itace uku, ana sha domin sassauta ciki da gyara narkewar abinci. Suna dafa ta da sukari su ajiye, suna yin yajin ta, matansu kuma suna jiƙa ta a mai su shafa wa gashi. Wannan ilimi ya ƙetara zuwa ga likitocin Musulunci tun zamanin Abbasiyawa, inda Larabawa suka kira ta amlaj, suka kira 'yan uwanta biyu ihlilaj da balilaj, haɗin nan kuma ya zama iɗrifal a bakinsu. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ambace ta a cikin littafinsa Alƙanun. Ke nan idan wani ya ce da tsohuwar zuma ake magani, ba zan musa masa ba a kan amla.

Sai dai ina so masu karatu su lura da yadda waɗancan magabata suke rubuta magani. A al'adar likitancin da ta biyo bayan su Ibn Sina, ana faɗin ɗabi'ar kowane magani, mai zafi ne ko mai sanyi, mai laima ne ko busasshe, a faɗi gwargwadon da ake sha, a faɗi gaɓar da yake cutarwa da abin da ke gyara cutarwar. Har babi suka ware na musanya, wato idan ba a sami magani kaza a ƙasarku ba, ga abin da zai tsaya a madadinsa. Mutanen da suka yi wannan tsari sun san kowane magani yana da iyaka, sun kuma san cewa Allah bai tara waraka a ƙasa ɗaya ba. Mai lasifikar da ke yawo a kasuwanninmu yana lissafa cuta ashirin ga ƙulli ɗaya ya ɗauki sunan maganin, ya bar awo da gargaɗin da suka zo tare da shi.

Abin da awon zamani ya tabbatar a kan amla shi ne tana da sinadarin bitamin C mai yawan gaske. A cikin giram 100 na lemun zaƙi akan sami wajen miligiram 50, a cikin amla ɗanya kuwa akan sami daga 250 zuwa 600, gwargwadon irinta da inda ta fito. Wannan sinadari shi ne jiki ke amfani da shi wajen ɗinke rauni da ƙarfafa dasashi da jijiyoyin jini, kuma yana taimaka wa hanji ya tsotsi sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye da hatsi, abin da ke da muhimmanci ga mata masu ciki da yaran da ke fama da ƙarancin jini. Wanda ya daɗe bai samu ba sai dasashinsa ya riƙa jini, haƙora su yi girgiɗi, tsohon tabo ya buɗe. Wannan cuta ta kashe matuƙan jiragen ruwan Turawa masu ɗimbin yawa. A 1747 wani likitan sojan ruwan Ingila mai suna James Lind ya yi wani gwaji a kanta. Ya ɗauki marasa lafiya 12, ya raba su biyu-biyu, ya ba kowane rukuni abin da ake cewa magani ne, daga ruwan khal har ruwan teku, ya ba mutum biyu lemu. Cikin kwana shida ɗaya daga cikin waɗanda suka sha lemun ya koma bakin aiki, ɗayan ma ya samu sauƙi sosai. Duk magungunan shida suna da masu yabonsu kafin wannan rana, kuma kowane mai yabo yana da labarin wanda ya warke, amma sai da aka jera su a gefen juna aka san na ƙwarai.

To amma abin da babban mutum ke buƙata na wannan sinadari bai kai miligiram 100 a yini ba, kuma jiki ba ya tara shi da yawa, abin da ya yi saura ƙoda ce ke fitar da shi a fitsari. Zafin wuta yana lalata shi, haka ma daɗewa a ajiye, don haka garin da aka busar, aka niƙa, aka ɗauko a jirgi, ya yi watanni a kan kanta cikin zafin bazara, ba za a haɗa shi da ɗanyen ɗan itace ba. Game da suga da kitsen jini kuwa, an yi gwaje-gwaje a Indiya waɗanda suka nuna alamar raguwa, amma yawancinsu ƙanana ne, a kan mutane kaɗan kuma na 'yan makonni. Irin wannan sakamako dalili ne na ci gaba da bincike, bai isa ya sa mai ciwon suga ya ajiye maganinsa ba. Hasali ma idan har tana rage suga da gaske, to wanda ya haɗa ta da ƙwayar asibiti ba da sanin likita ba yana iya wayar gari sugansa ya faɗi ƙasa da kima, wanda shi ma hatsari ne.

Da na gama da amla sai na juyo gida, kuma a nan ne abin ya fi ba ni takaici. Gwaiba, wadda yara ke jifa da ita a lokacinta, tana da wajen miligiram 200 na wannan bitamin a giram 100, wato ninki huɗu na lemun zaƙi, kuma ƙwaya ɗaya ta ishi mutum yini guda. Farin garin da ke cikin 'ya'yan kuka yana da daga wajen 150 har zuwa sama da 400, gwargwadon bishiya, ga sinadarin ƙarfafa ƙashi da harzar da ke gyara hanji, kuma shi a kan bishiya yake bushewa cikin ƙoƙonsa, ba ya neman inji ko wuta. Matan Fulani da ke dama shi a nono, abin da muke kira kwalba da nono, sun riga masana abinci sanin wannan haɗi, ko da yake wasu na yi ne don nonon ya yi kauri ya yi auki. A 2008 Tarayyar Turai ta amince a sayar da garin 'ya'yan kuka a matsayin abinci a ƙasashenta, kuma tun daga lokacin ake zuba shi a leda mai ƙyalli ana sayar wa masu neman lafiya a Landan da Berlin da tsada. Mu da ke da bishiyar a bakin kowace tsohuwar kasuwa da kowane kufai, mun bar 'ya'yan ga yara da birai, muna aika kuɗinmu Indiya.

Tsamiya ma haka take. Tsaminta yana buɗe wa mara lafiya baki, jiƙonta yana sassauta ciki, shi ya sa kunun tsamiya ya zama abincin mai jinya da mai azumi. Amma tsamiya ce ta koya mini cewa abinci ma yana shiga tsakanin mutum da maganinsa. A tsakiyar shekarun 1990 masu binciken haɗa magunguna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun gano cewa idan aka sha asfirin tare da abincin da aka sa wa tsamiya, abin da ke shiga jini na maganin yana ƙaruwa sosai. A Sudan kuma, a 1994, an gano akasin haka game da kulorokwin, domin jiƙon tsamiya da zoɓo da ruwan lemun tsami sun rage yawan abin da jini ke samu daga cikinsa. Tsamiya ɗaya ce, ta ƙara wa wannan ƙarfi ta rage wa wancan. Mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa jin wannan bayani da Hausa, alhali rabinsa a Samaru ta Zariya aka gano shi?

Ina yaro, idan rani ya yi nisa rumbu ya fara sauka, abin da ke riƙe mu tsakanin karin kumallo da tuwon dare shi ne magarya da kurna da aduwa da goruba, da garin ɗorawa idan lokacinta ya yi, sai kanya da ɗinya da taura kowace a nata lokacin. Ba mu san sunan wani sinadari ba, mun dai san wanda ya cika shan aduwa cikinsa zai ruga, wanda ya ci kanya ɗanya bakinsa zai ɗaure. Iyayenmu mata suna dafa ɗinya su yi maɗi, su daka magarya su yi tuwonta, su fasa ƙwallon aduwa su fitar da mai. A yau ana cewa goruba tana maganin hawan jini, aduwa kuma tana maganin suga, kuma zan auna su da mudun da na auna amla, domin ba adalci ba ne in tsananta wa baƙo in sassauta wa ɗan gida. Abinci ne masu kyau, akwai alamun amfani a ƙananan gwaje-gwaje, amma hawan jini cuta ce da ba ta cika nuna kanta ba sai ta kayar da mutum, kuma wanda ke shan jiƙon goruba yana jin garau ba zai san halin da yake ciki ba sai an ɗaura masa abin awo a hannu. Dabino ma, duk da albarkar da ke cikinsa, kusan kashi biyu cikin uku na nauyin busasshensa sukari ne, don haka mai ciwon suga ƙirgawa zai yi.

Akwai kuma wani hatsari da bai shafi bishiyar ba, ya shafi robar. A 2004 wasu likitoci a birnin Boston na Amurka sun sayi magungunan Ayurbeda iri 70 daga kantunan yankinsu suka auna, suka tarar 14 daga ciki suna ɗauke da dalma ko zaiba ko arsenik. Wani ɓangare na dalilin shi ne akwai reshen wannan likitanci da ke sa ƙonannen ƙarfe a cikin haɗi da gangan, wani ɓangaren kuma sakaci ne wajen sarrafawa. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani. Robar yayata ba ta da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ba ta da ranar da aka yi ta ko ranar lalacewarta. Ko da ma akwai lambar, ya kamata a sani cewa a kan maganin gargajiya abin da ta fi nunawa shi ne an duba ba a ga abin cutarwa ba, shi ya sa ake rubuta wa a jikin irin waɗannan kaya cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar da aka yi ba. Rubutun da Turanci yake, da ƙananan baƙaƙe, mai saye kuwa lambar kawai ake nuna masa.

Masu wannan sana'a suna yawan kafa hujja da hadisin da ke cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, kuma hadisi ne ingantacce. Ina tuna musu da wani hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba, to shi ke da lamunin abin da ya faru. Na san masu maganin gargajiya na kirki, waɗanda suka gada kuma suka san iyakarsu, har sukan ce wa mutum wannan ba nawa ba ne, tafi asibiti. Su ne suka fi kowa asara idan 'yan talla suka ɓata sunan sana'ar.

Idan akwai abin da ya kamata mu ɗauko daga Indiya, to hidimar da suka yi wa amla ce. Manomansu sun zaɓi iri masu manyan 'ya'ya suna yi musu aure, har gundumar Pratapgarh a jihar Uttar Pradesh ta yi suna da gonakin amla da masana'antun sarrafa ta. Da wasu suka yi wa amfani da kurkur wajen warkar da rauni rajistar mallaka a Amurka, hukumar binciken kimiyya ta Indiya ta kawo tsofaffin rubuce-rubuce ta nuna ilimin tsoho ne, aka soke rajistar a 1997. Bayan haka, a 2001, suka fara tattara abin da ke cikin littattafan likitancinsu a rumbun kwamfuta. A 2014 suka kafa ma'aikata sukutum ta magungunan gargajiya, a 2022 kuma aka aza harsashin cibiyar Hukumar Lafiya ta Duniya ta wannan fanni a garin Jamnagar. Ba na cewa duk abin da ke fitowa daga can daidai ne, binciken Boston ya isa shaida, amma sun rubuta nasu, suna auna shi, suna shuka shi.

Mu ma ba daga babu za mu fara ba. Tun 1916 wani likita Bature mai suna Dalziel ya buga ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, kuma a Abuja cibiyar binciken magunguna ta ƙasa ta taɓa fitar da maganin sikila mai suna Niprisan daga haɗin gargajiya wanda a cikinsa akwai kanumfari da masoro da karan dafi. Jami'o'inmu na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri cike suke da kundayen ɗalibai a kan aduwa da magarya da kanya, sai dai suna kan kanta da Turanci, masu abin ba su taɓa jin sakamakon ba. A daidai wannan lokaci kuma bishiyoyin suna ƙarewa. Masu gawayi da masu itacen girki ba sa bambanta kanya da marke, kukar da ke kusa da gida kuwa ana aske mata ganye kowace shekara domin miya har ba ta samun damar yin 'ya'yan kirki, kuma da wuya ka ga wanda ya dasa sabuwa. Maƙwabtanmu na Maradi da Damagaram sun nuna cewa ana iya juya wannan, domin tun daga shekarun 1980 manomansu suka riƙa barin tohon itatuwa a gona suna yi masa sassabe mai kyau, har ƙasa mai faɗin miliyoyin kadada ta sake yin itace.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne jaridarka ta ware ɗan fili, ko sau ɗaya a wata, inda za a ɗauki ɗan itace guda, a tambayi tsohuwar da ta san yadda ake sarrafa shi, a tambayi masanin haɗa magunguna abin da awo ya nuna, a buga amsoshin biyu a shafi ɗaya da Hausar da kowa zai gane, har da wanda bai kamata ya sha ba. Ina kuma roƙon likitocinmu da ma'aikatan jinya su riƙa tambayar mara lafiya abin da yake sha a gida ba tare da tsawa ba, domin yayata ta ce abin da ya hana ta faɗa tun farko shi ne tsoron faɗan da za a yi mata a gaban mutane.

Yanzu ta koma kan ƙwayoyinta, ana auna ta duk wata, tana cin gwaiba idan ta samu, tana shan kunun tsamiyarta ba sukari. Sauran garin amlar ban zubar ba. Jikokinta mata sun karɓe shi, suna kwaɓawa da man kwakwa suna shafa wa gashi ranar da za a yi musu kitso, kamar yadda matan Indiya ke yi.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Tsohon malamin makaranta, daga Funtuwa.